Yadda Za Ku Taimaki Yaro Ya Iya Karatu da Lissafi: Jagora ga Iyaye a Arewacin Kamaru

Yaron Bahaushe da ya tashi a Garwa, Marwa ko Ngaundere yakan shiga makarantar boko da harsuna biyu a bakinsa: Hausa ta cikin gida, da Fillanci na kasuwa da wajen wasa. Idan a Kusseri ne, Larabcin Shuwa ya ƙaru. Safe da yamma kuma yana gaban malamin allo. Sai a farkon Satumba a zaunar da shi a ajin SIL, wato ajin farko na firamare, a tare shi da Faransanci, harshen da ko ƙosai bai taɓa saye da shi ba, a ce a cikinsa zai koyi haɗa baƙi, a cikinsa zai koyi ƙirga. Kaya biyu ke nan a kansa lokaci guda: koyon karatu, da koyon harshen da ake karatun da shi. Mafi yawan abin da muke kira daƙiƙanci a wurin yaranmu daga nan ya taso.

Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, yara suka cika azuzuwa. Jihohin Adamawa, Arewa, Arewa Mai Nisa da Gabas suna cikin yankunan da hukuma kanta ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman a harkar ilimi, kuma a nan ba abin mamaki ba ne ka leƙa aji ka tarar da yara sun haura ɗari a gaban malami guda. Binciken PASEC, mai auna abin da 'yan firamare suka iya a ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, na 2014 da na 2019, waɗanda Kamaru da Cadi duk suna ciki, sun nuna ɗimbin yara na kaiwa ƙarshen firamare ba sa iya fahimtar rubutu mai sauƙi. Malamin da ke da yara ɗari ba zai iya zama kusa da ɗanka ya saurare shi ba. Wannan zaman a gida za a yi shi, kuma uwa ko uban da bai san Faransanci ba zai iya ɗaukar babban kaso na aikin, domin ganewa da harshen gida take farawa, daga baya a sa wa abin sunansa na Faransanci.

Da farko, ku gwada shi da kanku

Kada ku tsaya ga takardar sakamako. An kasa firamare hawa uku: SIL da CP, CE1 da CE2, CM1 da CM2, kuma a cikin hawa guda yawanci tare ake wucewa da yara gaba. Ajin da yaro yake ba ya gaya muku abin da ya iya. Ga kuma hadda. Yaranmu gwanaye ne a kanta, allo ya horar da kunnensu. Malam ya karanta shafi, aji ya amsa, ya sake, aji ya amsa, yaro ya dawo gida ya rera muku shafin tas yana bin layi da yatsa, alhali idonsa bai san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. Ku rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, ku nuna masa kalma ɗaya daga ƙarshen layi, ku ce: "Wannan fa?" Nan za ku sani.

A samu takarda, wanda ya yi boko a gidan ko a maƙwabta ya rubuta abu huɗu da manyan baƙaƙe: harufa goma a warwatse, ba a jerensu na a, b, c ba, gajerun kalmomi goma, jimloli huɗu, da ɗan labari na layi takwas wanda ba ya cikin littafin ajinsu. A fara da jimlolin. In ya karanta, a hau zuwa labarin, sannan a tambaye shi da Hausa me ya faru a ciki. In ya kasa, a sauko kan kalmomi, in nan ma ya kasa, a sauko kan harufa. Lissafi ma haka: lambobi daga 1 zuwa 9, sai daga 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro irin 52 − 27, sai rabawa irin 96 ÷ 4. Wata ƙungiya ta Indiya mai suna Pratham ce ta yaɗa wannan tsani, kuma hikimarsa ɗaya ce: inda yaro ya tsaya, nan ake fara masa, ko da kuwa yana CM1 ne ya tsaya a kan harufa. Kada a yi gwajin a gaban ƙannensa, kada kuma a yi tsaki. Yaron da aka kunyata yau, gobe ɓoye littafinsa zai yi.

Lokaci da kayan aiki

Minti ashirin zuwa talatin kullum sun fi awa uku ranar Lahadi. Ku tsayar da lokaci ɗaya da bai ci karo da allo ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke wuce digiri 40, yaron da ya dawo da rana ba ya ɗaukar komai, a bari sai bayan isha'i ko bayan asuba. Alhamis da Juma'a, da babu karatun allo, ana iya ƙara ɗan lokaci. Fitila mai cajin rana ta fi dogaro da wutar lantarki.

Kayan ba sa cin kuɗi: ƙaramin allon makaranta, wanda suke kira ardoise, da alli, tsinken tsintsiya ko ƙananan karare ɗari da robar ɗaurewa, murafen kwalba ko 'ya'yan tsamiya, kwali da za a yanka ƙanana a rubuta harufa, kaye ɗaya, wato littafin rubutu, na aikin gida kaɗai. Littafin karatu na Faransanci da na lissafi su ne biyun da ya kamata a fara saye idan kuɗi bai kai duka ba. Ma'aikatar ilimin firamare tana fitar da jerin littattafan hukuma, ku duba shi a makaranta kafin ku sayi na hannu a kasuwa.

Karatu: babbaƙu, sannan farfaru

Duk wanda ya yi allo ya san hanyar. Babbaƙu da farko, a san baƙi. Sai farfaru, a sa masa wasali. Sai a haɗa. Boko ma haka ake shigarsa, kuma yaron da ya gane cewa ba da fatha ya zama ba, da kasra ya zama bi, ya riga ya riƙe sirrin. Abin da ya rage shi ne sababbin siffofi da sabuwar alƙibla, daga hagu zuwa dama. Ku ɗiga alli a kusurwar hagu ta allon, ku ce daga nan ake tashi.

Ku koya masa sautin harafi, ba sunansa kaɗai ba. Sunan m a Faransanci "em" ne, amma a cikin kalma "mmm" yake cewa. Yaron da ya san suna kaɗai, in ya ga ma sai ya ce "ema". Ku fara da harufan da sautinsu ɗaya ne a Hausa da Faransanci: wasulan a, i, o, da baƙaƙen m, l, t, b, d, n. Harafi biyu a mako sun isa. A rubuta a allo, ya bi da yatsa, ya zana a ƙasa, ya nemo shi a jikin gwangwanin madara ko kwalin sabulu.

Sai haɗawa. Ku riƙe kwalin m a hannun hagu, na a a hannun dama, ku riƙa matso da su kuna jan sautin: mmm... aaa... ma. Ku sauya wasalin: mi, mo. Ku sauya baƙin: la, li, lo, ta, ti, to. Idan gaɓoɓin sun zauna, a jera biyu a fitar da kalmar da ya sani: na-ma, no-no, no-ma, da-la, mo-ta, ta-bo, La-di, A-li, A-mi-na. Ku lura da fuskarsa ranar da ya ja "no... no" ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, "Inna, nono ne!" Wannan ne karo na farko da takarda ta yi masa magana da abin da ya sani, kuma Faransanci ba zai iya ba shi wannan a makon farko ba, don ko ya haɗa kalmar daidai bai san me ya faɗa ba. Daga nan, da gaɓoɓin nan dai, a tsallaka: mo-to, a-mi, mi-di, do-mi-no, to-ma-te. Kowace kalma a faɗa masa ma'anarta.

Wasu iyaye na tsoron Hausa za ta rikita masa Faransanci. Ni ban ga haka ba, muddin an gaya masa a fili inda hanyoyin suka rabu. Ga wuraren, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba a rana guda ba. Sautin u na Hausa, irin na tuwo, Faransanci ou yake rubuta shi. U nasu kuwa wani sauti ne dabam, a tsuke leɓe kamar za a ce u sannan a ce i, shi ya raba roue da rue. Harafin c da muke karantawa a "ciki", a wurinsu k ne a ca, co, cu, kuma s ne a ce, ci. Ch nasu shi ne sh namu. Sautin o kaɗai yana da riguna uku: o a moto, au a jaune, eau a bateau. Akwai wasulan hanci, an, on, in, kamar a maman, mouton, lapin. Akwai kuma harufan ƙarshe da ake rubutawa ba a furtawa, irin t na petit da z na riz. Ku sa ya ɗiga fensir a ƙarƙashinsu, alamar "wannan barci yake".

Sai p da f, waɗanda kunnen Bahaushe ke haɗawa, shi ya sa port da fort ke zama abu ɗaya a dictée, wato shifta. A nan yaranmu na arewacin Kamaru sun fi 'yan'uwansu na Kano sa'a, domin Fillanci ya raba su: wanda ya iya cewa Pullo ya kuma ce Fulɓe daidai, sautin biyu na bakinsa. Ku nuna masa a madubi: a p leɓe biyu ke haɗuwa su fashe, a f haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Haka v da b: voir da boire. Harufan b da d kuma da yara ke juyawa, ba ciwo ba ne a SIL da CP. A manna su a bango da hoto, b da buta, d da doki, zai daina.

Wani abu da iyayen da suka yi makaranta a Najeriya ba su saba da shi ba: a tsarin Faransanci rubutun haɗe ake koya wa yaro tun SIL, littafi kuma da na bugu yake. Siffa biyu ke nan ga harafi ɗaya. A kwalayenku ku rubuta na bugu a gaba, na haɗe a baya.

Daga haɗa baƙi zuwa fahimta

Idan ya fara karanta jimla, kullum ya karanta da ƙarfi na minti goma, wani yana saurare. Sakin layi ɗaya ya maimaita shi sau uku: na farko yana tuntuɓe, na biyu ya miƙe, na uku kamar yana magana. In ya cije a kalma, a ƙirga biyar a zuci kafin a taimaka, kuma taimakon shi ne a rufe rabin kalmar da yatsa ya karanta gaɓar farko. Uwar da ba ta jin Faransanci tana da tambaya ɗaya da ta fi ta kowa ƙarfi: "To, faɗa mini da Hausa, me suka ce?" In ya iya mayarwa, ya gane. In ya yi shiru, rerawa kawai ya yi, sai a nemi yayansa ko yayarsa su warware kalmomin.

Tatsuniya ma darasi ce, kada a raina ta. Bayan "ƙurunƙus", a tambaya: me ya fara faruwa? Don me Gizo ya yi wa Ƙoƙi ƙarya? Da kai ne, ya za ka yi? A tsaya a tsakiya a ce, "Me kake jin zai biyo baya?" Irin tambayoyin da jarrabawa ke yi a kan rubutu ke nan, kuma yaron da ya saba amsa su da Hausa, kalmomi kawai zai nema a Faransanci. Kacici-kacici ma haka. Kakar da ke gidan malama ce a wannan fanni.

Abin karantawa bai ƙare a littafi ba: allunan shaguna a hanyar kasuwa, rubutun jikin motocin haya, saƙon waya, takardar magani. A kaye na gida ya riƙa rubuta sababbin kalmomi uku kullum, da zane ko ma'anarsu. A Garwa, Alliance française tana da ɗakin karatu, mai hali ya kai yaro ya ga littattafai a jere ya zaɓa da hannunsa.

Lissafi: a fara da hannu

A nan nake so ku fi daɗewa, domin yaranmu sun iya lissafi fiye da yadda takardarsu ke nunawa. Yarinyar da ke kai wa innarta ƙosai bakin hanya ba ta kuskuren canji, amma a ba ta 52 − 27 a allo ta rubuta 35. Ba wauta ba ce. Ta duba 2 da 7 ta ɗebe ƙarami daga babba ta samu 5, ta ɗebe 2 daga 5 ta samu 3. Ba wanda ya nuna mata cewa 5 ɗin nan hamsin ce.

Maganinsa dami. Ya ƙirga tsinke goma ya ɗaure da roba: dami ɗaya. A ja layi a tsakiyar allo, dami a hagu, sako-sako a dama. Ku ce "talatin da huɗu", ya ajiye dami uku da tsinke huɗu, ya rubuta 3 da 4 a ƙarƙashinsu. Ku ce "arba'in cif", ya ga gefen dama fayau, ya gane aikin sifiri. Ku juya: ku rubuta 43 da 34, ya gina su, ya faɗi wanda ya fi. Sai yanzu a sa sunayen makaranta: dami shi ne dizaine, sako-sako unité, dami goma a haɗe centaine.

Tarawa: 28 + 15. Sako-sako takwas da biyar sun zama goma sha uku, a ɗaure goma su ƙaura hagu, uku su rage. Wannan damin da ya ƙaura shi ne retenue da malam ke rubutawa ƙarami a sama. Ɗebewa: 52 − 27. Dami biyar, tsinke biyu. "Ba ni bakwai." Babu. "To ya za a yi?" Ku yi shiru ku jira, shi da kansa zai kai hannu ya kwance dami ɗaya. Yanzu dami huɗu, tsinke goma sha biyu. A cire bakwai, saura biyar. A cire dami biyu, saura biyu: 25. A yi irin wannan da hannu kwana da kwanaki kafin a koma alli kaɗai.

Hattara a nan, musamman gidajen da uba ya yi karatu a Mubi, Yola ko Maiduguri, ko a sashen Ingilishi. A tsarin Ingilishi soke 5 ake yi a mayar da ita 4. Malamai da yawa na tsarin Faransanci ba sa sokewa: sukan sa 1 kusa da 2 ta zama 12, su ƙara 1 a kan 2 ta ƙasa ta zama 3, su ce 5 a ɗebe 3. Amsa ɗaya ce, hanya dabam. Rabawa ma shimfiɗarta dabam ce, mai rabawa a dama yake zama, amsa a ƙarƙashinsa. Waƙafi suke sawa inda Ingilishi ke sa ɗigo: 2,5 biyu da rabi ne. Ku buɗe kayen ajinsa ku ga yadda malam ke yi, ku bi shi. Kada ku ce wa yaro malaminsa bai iya ba.

Sunayen lambobi na Faransanci tarko ne mai zaman kansa. Hausa ta ce goma sha ɗaya, goma sha biyu, kana jin goman a ciki. Faransanci ya ce onze, douze, treize, har seize, goman ta ɓuya. Daga saba'in abin ya ƙara tsanani: soixante-dix sittin da goma ne, quatre-vingts ashirin sau huɗu, 97 kuma quatre-vingt-dix-sept, ashirin huɗu da goma da bakwai. Yaro ya ji soixante-douze ya rubuta 62 ko 6012. Ku faɗi lambar da Hausa ya rubuta. In ya rubuta 72 daidai, lissafinsa lafiya lau, suna ne bai riƙe ba. A yi kwalaye daga 60 zuwa 99, lamba a gaba, suna a baya, a riƙa jan biyar kullum. A gina 72 da dami shida a gefe guda, dami ɗaya da tsinke biyu a ɗaya gefen, ya ga sittin da sha biyun da idonsa.

Sai kuɗi. A gidan da ake ƙirga da dala, yaro na jin "ashirin" alhali a jikin ƙwandalar 100 aka rubuta. Dala ɗaya faran 5 ce, dala biyar faran 25, dala goma 50, dala ɗari 500, jaka 1000. A Kusseri da Njamena masu Larabci riyal suke cewa, shi ma faran biyar ne. In ba a bayyana masa ba, ruɗewa zai yi a lissafin kuɗi na makaranta. In an bayyana, ya samu jadawalin sau biyar kyauta. Ku zube canji a tabarma, ku buɗe shago da kayan kicin, yau shi ne mai shago, gobe mai saye, kowane farashi a faɗe shi da dala a rubuta shi da faran.

Sau, wato ninkawa, da kashi ake shigarsa: kashin albasa huɗu, kowanne guda shida. Ya jera murafen kwalba layi huɗu na shida-shida ya ƙirga 24, sannan ya zagaya ɗaya gefen ya ga layi shida na huɗu-huɗu, adadin bai sauya ba. Wannan kaɗai ya rage masa kusan rabin hadda. Gurabun dara da dattawa ke haƙawa a gindin bishiya, layi biyar na shida-shida, 30 ke nan. A haddace jadawali, a nan hadda na da amfani, amma ba a jere ba: 2, 10 da 5 da farko, sai 4 wanda ninkin 2 ne, sai 3 da 6, sai 9 wanda lambobin amsarsa in an tara suke ba da tara (18, 27, 36, 45), 8 da 7 a ƙarshe. A riƙa tambaya a warwatse, don mai rera table de 7 daga farko ba lalle ya san 7 × 8 ba. Rabawa kuwa ya san ta tun ranar da aka ba su gyaɗa shi da ƙannensa aka ce a raba daidai. A yi da 'ya'yan tsamiya da kwanoni, abin da ya yi saura shi ne reste.

Lissafin labari, problème, a nan karatu da lissafi suke haɗuwa, a nan kuma 'yan CM ke zubar da maki. Ku hana shi taɓa alli sai ya yi abu uku: ya karanta sau biyu, ya ba ku labarin da Hausa ba tare da duba takarda ba, ya faɗi abin da ake nema. Sannan ya zana. Sannan ya rubuta yadda makaranta ke so, bayani a gefe, aikin lissafi a gefe, amsa da ma'auninta, faran ne ko mita ko lita. Ku ƙirƙiro naku daga gida: buhun masara nawa aka saya, mudu nawa ake ci a mako, zai kai wata nawa.

Ku je makarantar

Kada zuwanku na farko ya zama ranar da aka kira ku don laifi. A watan farko ku je, bayan an tashi. "Malam, barka da aiki. Ni ce mahaifiyar wance da ke ajinka. Ba ƙara na kawo ba, so nake in san a wane harafi kuke, mu riƙa bi a gida." In malamin daga kudu ya zo, ba ya jin Hausa ko Fillanci, ku tafi da mai fassara. Ku tambayi inda yaron ke zama, ko yana ɗaga allonsa in an yi tambaya, da abu ɗaya da ya fi ba shi wuya. Kowane mako ku buɗe kayensa ku ga ko ana duba aikin da jan biro.

Ku halarci taron APEE, ƙungiyar iyaye da malamai. Kuɗin da kuke bayarwa shi ke biyan malaman da iyaye suka ɗauka a makarantu da yawa, kuna da haƙƙin tambaya. Ku nemi a sa mafi ƙwarewar malamai a SIL da CP, ba a CM2 kaɗai ba, domin a can ƙasa ake cin jarrabawar ko a faɗi. Ku nemi a ware rabin awa a rana a kasa yara bisa abin da suka iya, masu harufa gefe, masu kalmomi gefe, masu labari gefe.

Ga malamai kuma: dabarar nan ta La Martinière, a yi tambaya, a buga tebur, kowa ya rubuta a allonsa, a sake bugawa a ɗaga, ita ce hanya mafi sauri ta ganin yara ɗari a minti ɗaya, amma a duba layin baya, can waɗanda suka ɓace suke taruwa. Bayani na jimla biyu da Fillanci ko Hausa ba laifi ba ne. Dokar ilimi ta 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa cikin manufofinta, kuma shirin ELAN ya gwada koyarwa da harshen gida tare da Faransanci a wasu makarantu, Fillanci na cikin harsunan.

Mai ɗaukar malamin répétition, wato mai ƙarin darasi a gida, ya ba shi sakamakon gwajin nan na farko, ya ce daga nan za a fara. In aikinsa kawai ya cika wa yaro aikin gida, kuɗin banza ake biya.

In an yi wata uku abin bai motsa ba

A duba jiki. Yaron da ke tsuke ido ko kai littafi kusa da hanci, a kai shi a auna idonsa. Wanda sai an kira shi sau biyu, ko kunnensa ke ruwa, a duba jinsa. Zazzaɓin cizon sauro na ƙarshen damina yana cin makonnin farko na shekarar karatu, daidai lokacin da ake aza harufa. Wanda ya kwanta, a koma masa baya a cike gurbin. Kunu ko koko kafin fita ba ƙaramin abu ba ne. Bahago a bar shi ya yi rubutu da hagunsa. Yarinya kuma a rage mata talla da wanke-wanke a lokacin da aka tsayar, rabin awar nan tata ce kamar yadda take ta ɗan'uwanta. Bulala a kan kuskuren karatu ba ta koya komai sai zato da rawar murya, ku ajiye ta.

Dogon hutu da takardar haihuwa

Daga Yuni zuwa Satumba wata uku ne, ga aikin gona, kuma abin da ba a taɓa ba yana zubewa, musamman ga ɗan SIL da CP. Minti goma sha biyar a rana sun riƙe shi. Gidaje huɗu ko biyar na iya haɗa yaransu a zaure ɗaya, ɗalibin lycée, wato sakandare, na unguwa ya zauna da su, a ɗan sallame shi. A sake gwajin tsanin nan a farkon hutu da ƙarshensa, da sabon labari da sababbin lambobi.

A ƙarshen CM2 akwai jarrabawar CEP ta kammala firamare, da ta shiga 6e, ajin farko na sakandare, a sashen Ingilishi kuma FSLC da Common Entrance, kuma takardar haihuwa na cikin abin da ake nema wajen rajista. Yara da yawa a jihohinmu a nan suke tsayawa bayan shekara shida na wahala. In ba a yi wa yaro ita cikin wa'adin da doka ta ba da bayan haihuwa ba, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ake kira jugement supplétif, sannan ofishin magajin gari ya rubuta takardar, kuma wannan yana ɗaukar lokaci. Ku fara tun yana CE, ku tambayi daraktan makaranta ko akwai zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake shiryawa don ɗalibai. In takardar ta fito, ku kai ta makaranta a gwada da rajistar aji harafi da harafi: wanda aka rubuta Aboubakar a takarda, Bouba a makaranta, ko aka saɓa ranar haihuwa, a gyara tun kafin a aika sunaye.